ABUBUWAN DA BA A ZATO MASU JAWO MUMMUNAN BORIN JINI

Jawabin wayar da kai ga jama'ar Kontagora da kewayenta

Jama'a, a ɗauki misalin wani magidanci, manomi ko makiyayi, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke tsakanin Kontagora da Mariga. Ran Babbar Salla da maraice ya ci naman layya a gidan maƙwabcinsa, ya taɓa hira, ya koma gida lafiya lau ya kwanta. Can wajen ƙarfe biyu na dare sai ya farka da ƙaiƙayi ko'ina a jikinsa, cikinsa yana murɗawa, leɓunansa sun kumbura, numfashi yana neman gagararsa. In Allah ya sa ya kai safe, abin da dangi za su fara tambaya shi ne, a gidan wa ya ci abinci? Daga nan sai zato ya shigo. Wani ya ce guba ce, wani ya ce sammu, wani ya ce maita, zumuncin shekara da shekaru ya lalace a dare ɗaya. Alhali kuwa mai yiwuwa ne mafarin abin wata 'yar kaska ce da ta cije shi a daji makonni da suka wuce, ya cire ya yar, ya manta.

Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana wa jama'a cewa akwai abubuwa na yau da kullum waɗanda kan tayar da mummunan borin jini ba tare da kowa ya zarge su ba, domin a san alamun ciwon, a ceci rai cikin hanzari, a kuma daina ɗora wa bayin Allah laifin da ba su ji ba, ba su gani ba.

Mene ne wannan ciwo?

Kowa ya san borin jini na yau da kullum, watau jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, bayan ɗan lokaci ya lafa. Amma akwai babbansa, wanda likitoci ke kira anafilaksis, mai kama jiki duka gaba ɗaya, wanda kuma yakan iya kashe mutum cikin mintoci. Waɗansu masana biyu na ƙasar Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su ne suka raɗa masa wannan suna a shekarar 1902. Sun yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da niyyar su saba da shi, sai suka ga akasin haka. Karen da ya jure wa allurar farko, da aka sake yi masa 'yar kaɗan bayan makonni, sai ya faɗi ya mutu kafin awa guda ta cika. Saboda wannan bincike aka ba Richet lambar yabo ta Nobel a 1913.

Ga yadda abin yake aukuwa. Jikin ɗan Adam yana da garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci garkuwar nan takan yi kuskure, ta ɗauki wani abu marar lahani a matsayin abokin gaba, ta tanadi makami na musamman dominsa, wanda masana suka gano wajen 1966 zuwa 1967, suka kira shi IgE. A haɗuwar farko mutum ba ya jin kome. Ran da aka sake haɗuwa kuwa, sai jiki ya kwararo da waɗansu sinadarai, babbansu histamin, waɗanda ke sa jijiyoyin jini su saki, ƙarfin bugun jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska na huhu su tsuke. Shi ya sa mutum kan ce ai ya sha cin abin nan bai taɓa yi masa kome ba. Gaskiya ya faɗa, amma wannan ba ta hana abin ya juya masa yau.

Abubuwan da aka fi sani da jawo shi su ne allurar fanisilin, harbin zuma da rina, gyaɗa, ƙwai, madara da kifi. Waɗanda za a ambata a nan su ne waɗanda ke ɓuya.

Kaska da jan nama

A cikin naman dabbobi masu shayarwa, kamar saniya, tunkiya, akuya, raƙumi da zomo, akwai wani irin sukari da ake kira alfa-gal, wanda babu shi a jikin ɗan Adam. Cin nama kaɗai ba ya sa jiki ya tsane shi. Amma idan kaska ta ciji mutum ta zuba masa wannan sukari cikin fata tare da miyaunta, jikin waɗansu mutane yakan ƙulla gaba da shi. Daga ranar nan tsire, balangu, kilishi, ragadada da kayan ciki, musamman ƙoda da nama mai kitse, suna iya zama masa haɗari.

Ba a daɗe da gano wannan ba. Wata likita a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, Sheryl van Nunen, ta lura a 2007 cewa masu zuwa mata da ciwon nan kusan dukansu kaska ta taɓa cizonsu. A Amurka kuma, masana na Jami'ar Bajiniya ƙarƙashin Thomas Platts-Mills sun gano a 2008 cewa sukarin yana tayar da bori, sa'ad da suke binciken dalilin da ya sa wani maganin ciwon daji ke kayar da marasa lafiya a jihohin kudu maso gabashin ƙasar tun a allurar farko. A 2009 suka bayyana dangantakarsa da jan nama. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce an sami mutum fiye da 110,000 da ake zaton suna da ciwon tsakanin 2010 da 2022. Nahiyar Afirka ma ba ta tsira ba, gama a 2018 likitocin Jami'ar Kef Tawun sun ba da rahoton mutum fiye da 80 masu ciwon a wani yankin karkara na Afirka ta Kudu.

Abin lura ga mutanen ƙasar Kontagora shi ne, kaskar nan mai zane a baya da ke damun shanu a Nijeriya, musamman da damina, dangi ɗaya ce da wadda aka tabbatar tana jawo ciwon a Amurka. Saboda haka makiyaya, mahauta, dillalan kara, mafarauta, masu itace da mata masu tsintar kaɗanya su ne ya kamata su fi kowa yin hattara.

Abin da ke ɓoye wannan ciwo shi ne jinkirinsa. Sauran abinci yakan tayar da bori cikin mintoci, shi kuwa wannan sai bayan awa 2 zuwa 6, domin sai kitsen ya narke ya shiga jini tukuna. Kuma ba kowane ci ne yake tashi ba. Wanda abin ya tabbata gare shi sai ya bar jan nama da romonsa, ya koma ga kaza, zabo, tattabara da kifi, gama su ba su da wannan sukari. Kaɗan daga cikin masu ciwon har nono da man shanu kan taɓa su. In mutum ya kiyaye kansa daga sabon cizo, ciwon yakan ragu bayan shekaru. Mai shiga daji sai ya sa dogon wando da takalmi mai rufi, ya duba jikinsa da ya dawo. In ya ga kaska, ya kama ta da hantsaki dab da fata ya ja a hankali, kada ya matse ta, kada ya ƙona ta, kada ya zuba mata kananzir.

Garin da ya daɗe a ajiye

Akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, waɗanda ido ba ya cika ganinsu don ba su kai rabin milimita ba, masu hayayyafa cikin garin alkama da na masara idan ya daɗe a wuri mai zafi da laima. Mai cin abincin da aka yi da irin wannan gari yana iya faɗuwa tun bai tashi daga kan tabarma ba. Wuta tana kashe ƙwarin, amma ba ta lalata abin da ke jikinsu mai tayar da borin. An fara ba da labarin wannan a Amurka a 1993, daga baya aka same shi da yawa a Benezuwela, Japan da Sifen, har likitoci suka yi masa laƙabi da ciwon fanke.

Daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'ad da laima ke cika ɗakuna a wannan yanki, shi ne lokacin haɗari. Fanke, wainar fulawa, ɗanwake da tuwon masara duk suna iya ɗauke da shi. Masu asma da masu yawan atishawa saboda ƙura su ya fi kamawa. A nan ma zato kan yi ɓarna, domin gida duka an ci, mutum ɗaya kaɗai ya faɗi, sai a dubi wadda ta yi girki, in kuwa gidan kishiyoyi ne to magana ta girma. Maganin abin shi ne a riƙa niƙa kaɗan kaɗan, a zuba gari cikin mazubi mai murfi da ke rufuwa ruf, a ajiye a busasshen wuri ko cikin firji ga mai hali, a kuma zubar da duk garin da ya dunƙule ko ya sāke wari.

Abinci da aikin ƙarfi

Akwai mutumin da zai ci burodi ya zauna lafiya, ya yi huɗa da yunwa ya tashi lafiya, amma ran da ya haɗa su biyu, watau ya ci sa'an nan ya shiga aikin ƙarfi cikin awa 4, sai bori ya kama shi. An fara rubuta labarin irin wannan a 1979, game da wani mai tseren gudu. Alkama ce ta fi jawo shi, watau burodi, taliya, alkaki da gurasa. Shan asfirin, ibufurofen ko dikulofenak kafin fita aiki, abin da leburori da manoma da yawa suka mai da al'ada don kashe gajiya, yana ƙara masa ƙarfi, haka ma barasa. Manomi a gona, ɗan dako a kasuwa, ɗan makaranta a filin ƙwallo da soja a fagen horo, kowannensu yana iya gamuwa da shi, a ce rana ce ta buge shi. Wanda ya taɓa ganin ruɗu-ruɗu a jikinsa yana tsakiyar aiki, to ya tsaya nan take, kada ya ce bari ya kai ƙarshen kunya.

Fara da gina

Fara da gina abinci ne mai gina jiki, kuma yawancin mutane suna ci lafiya. Sai dai a jikinsu akwai wani sinadarin tsoka irin wanda ke jikin jatan lande, ƙaguwa, kyankyaso da ƙwarin ƙura. Saboda haka wanda jikinsa ba ya shiri da jatan lande, ko garinsa da ake zubawa a miya, yana iya faɗuwa ran da ya fara ɗanɗana soyayyar fara. Wannan dabam yake da ciwon cin farar da aka kashe da maganin feshi, wanda shi guba ne, yakan kuma kama duk wanda ya ci.

Sanyi

Waɗansu mutane sanyi kansa ne abokin gabarsu. Iskar hunturu ko ruwan randa da asuba sai su sa fatarsu ta tashi, ƙanƙara kuma ta kumbura musu leɓe. Babban haɗarin shi ne wanka a rafi ko tafki, domin jiki duka yakan sha sanyi a lokaci guda, mutum ya suma cikin ruwa ya nutse, ko da gwanin iyo ne, a ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Yaron da aka lura jikinsa yana tashi in ya taɓa ruwan sanyi, kada a bar shi ya bi 'yan'uwansa kogi sai likita ya duba shi.

Baƙin lalle da roba

Jan lalle na gargajiya ba safai yake cutarwa ba. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis kuwa yana ƙunshe da sinadarin rinin gashi mai ƙarfi. Yakan sa wurin zanen ya yi ƙuraje da bororo bayan kwanaki, sa'an nan jiki ya riƙe gabar, ran da matar ta rina gashinta fuska da fatar ido su kumbura. Haɗiye shi kuwa guba ne mai toshe maƙogwaro da lalata ƙoda, kamar yadda likitocin Khartum ta ƙasar Sudan suka gani ga yara da dama a shekarun 1980. Lalle ne a ɓoye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, amare da masu ƙunshi kuma su yi hattara.

Haka nan roba irin ta safar hannu ta asibiti, balan-balan da kwaroron roba tana tayar wa waɗansu bori, musamman ma'aikatan asibiti da waɗanda aka sha yi wa tiyata. Mai wannan larura wani lokaci ayaba da fiya ma sukan taɓa shi. Wajibi ne ya faɗa wa likita ko ungozoma tun kafin a sa masa hannu.

Maganin sarar maciji

Maganin da ake yi wa wanda kububuwa ko wani maciji ya sara, irin wanda ake amfani da shi a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe da sauran wurare, daga jinin doki ko na tunkiya ake sarrafa shi, don haka yakan tayar wa waɗansu bori. Kada wannan ya sa kowa ya ƙi shi, gama shi kaɗai ne ke karya dafin. Abin nufi shi ne a asibiti kaɗai ake yinsa, inda ma'aikaci zai tsaya a kan marar lafiya da allurar ceto a kusa. Wanda ya san jan nama yana taɓa shi sai ya faɗa tun da wuri.

Alamun da za a lura da su

Alamun sun haɗa da ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu a jiki, kumburin leɓe, harshe ko fatar ido, shaƙewar murya, wahalar haɗiya, numfashi mai fito, murɗar ciki da amai, jiri da suma. A baƙar fata ja ba ya bayyana sosai, don haka sai a shafa a ji tudun kumburin. A sani kuma waɗansu ba sa nuna kome a fata, sai dai numfashi ya sarƙe ko su yanke jiki su faɗi. Duk sa'ad da matsalar numfashi ko suma ta zo farat ɗaya bayan ci, harbi, allura ko aikin ƙarfi, a ɗauka babban borin ne. Ƙaiƙayin da maganin zazzaɓi na kulorakwin kan sa mutane da yawa ba ya cikin wannan, muddin bai zo da kumburi ko sarƙewar numfashi ba.

Abin da za a yi nan take

Na farko, a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya yi masa wuya, a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe. Mai ciki a kwantar da ita a gefen hagu, wanda ya suma kuma a gefe ɗaya. Kada a tsai da shi, kada a sa shi tafiya, domin miƙewa tsaye farat ɗaya tana iya tsai da zuciya.

Na biyu, kada a ɗura masa manja, madara ko jiƙo. Ba sa maganin kome, kuma suna iya bin hanyar iska su shaƙe shi.

Na uku, a garzaya da shi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa, yana kwance cikin mota in da hali. Ɗaukarsa a zaune bisa babur sai in babu wata hanya. Kada a wuce ƙaramin asibiti mai allurar ceto don neman babba.

Na huɗu, maganinsa allurar adirenalin ce, a tsokar cinya ta waje. Babban mutum akan yi masa rabin miligiram, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 miligiram 0.3, wanda bai kai 6 ba miligiram 0.15, jariri kuwa gwargwadon nauyinsa, a sake bayan minti 5 in bai sami sauƙi ba. Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne. Allurar tana cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, ba ta kuma da tsada, don haka ya kamata kwamitocin lafiya na gundumomi su riƙa tambaya ko akwai ta a asibitinsu, ko kuma kwananta bai ƙare ba. Ƙwayar Piriton da allurar haidurokotizon suna rage ƙaiƙayi da kumburi daga baya, amma ba su buɗe maƙogwaro ko ta da bugun jini cikin lokacin da ake bukata.

Na biyar, ko ya warware kada a yi gaggawar komawa gida, gama borin yakan dawo wa waɗansu bayan awoyi. Likita zai riƙe shi, wani lokaci har ya kwana.

Neman asalin ciwon

Bayan an tsira sai bincike. Marar lafiya da iyalinsa su zauna su tuna, wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya rubuta: me aka ci cikin awa 6 kafin abin ya faru, wane magani aka sha, wane aiki aka yi, ko kaska ta ciji mutum a 'yan watannin nan, kwana nawa garin ya yi a ajiye. A kai wa likita wannan takarda a Babban Asibitin Kontagora ko wanda ya fi kusa, shi zai san ko akwai bukatar tura mutum asibitin koyarwa don gwajin jini ko na fata. Kada kowa ya gwada kansa a gida da sake cin abin don ya tabbatar. In magani ne ya jawo, ma'aikacin lafiya zai cika takardar rahoto zuwa ga hukumar NAFDAC, mai ciwon kuma ya riƙa yawo da 'yar takarda mai sunan abin a aljihunsa, ya nuna a kowane asibiti da kantin magani.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ana roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni, malaman makaranta, sarakunan pawa da ardo-ardo su isar da wannan bayani ga jama'arsu, domin ran da irin wannan ta auku cikin dare a fara neman mota da allura kafin a nemi wanda za a zarga. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya.